Da Safe Zaki, da Yamma Mu

Ina tsugune a bayan kicin ɗin otal, tsakanin durom ɗin shara da tulun gas, ina ja wa goshina layin farin fenti a cikin wani tsagin madubi, sai Altaf ya daina ɗaura bantensa na gashin ɗawisu.

"Gafurbhai," ya ce, "waccan ba motar makarantar su Ruksana ba ce?"

Ban ko ɗago ba. Altaf irin mutanen nan ne da za su ce maka gidanka ya kama da wuta don kawai su ga yadda kake gudu.

"Na rantse da Allah. Zo ka gani da idonka. Ruwan ɗorawa, da hoton fitila a gefe."

Na miƙe na leƙa ta ɓular katanga. Motar ta tsaya ƙarƙashin bishiyar mangwaro, 'yan mata suna dirowa ɗaya bayan ɗaya cikin shuɗin kayan makaranta, kowacce da jelar gashi biyu har gadon baya. Ba sai na nemi tawa ba. A cikin yara arba'in na birnin Junagadh, 'yata ba ta ɓacewa. Ga ta nan da kitson da uwarta ta yi mata ranar komawa, baƙa wuluk kamar ni, ta riƙe hannun wata yarinya mai tabarau tana nuna mata dandalin da muke wasa. Murna take yi har tana ɗan tsalle. Daga inda nake ina ganin bakinta yana cewa Abba.

Fentin ya fara gangarowa cikin idona, ban goge ba. Saura minti arba'in in fita gaban waɗannan yaran da rarrafe, ina sosa hammata.

* * *

Baƙin da ke zuwa dajinmu tsarinsu ɗaya ne. Da safe a zuba su a buɗaɗɗiyar mota su je su ga zaki, da yamma a ba su shayi a filin ciyawa su gan mu. Har a takardar tallan otal ɗin haka aka jera mu, zaki a sama, mu Siddi, baƙaƙen Indiya masu asalin Afirka, a ƙasa, kuma hoton zakin ya fi namu girma. Ban taɓa jin haushin zakin ba. Shi dai ba a tambayarsa daga wace ƙasa ya zo. Ni kuwa, da kakan kakana ke kwance a maƙabartar bayan ƙauyenmu, har yau in na hau bas sai an sami mai tambayata da Turanci ko ina jin daɗin Indiya.

Asalin aikina kiɗa ne. Ni ke buga mugarman, doguwar gangar hubbaren waliyyinmu, wadda ba a taɓa ta sai da alwala. Mahaifina ya buga ta, nasa ma ya buga. Da otal-otal suka yi yawa a bakin daji, dattijonmu Bachu-kaka ya tara mu, mu goma sha ɗaya, muka fara kai musu dhamal, rawar da muke yi wa waliyyi, sai dai an rage mata zikiri an ƙara mata fenti. Shekara takwas ina zaune can baya da wata ganga wadda ba ta hubbare ba, ba ruwana da kowa. Bara aka kawo sabon manaja, Paresh Saheb, wani matashi mai yawan turare. Ya ce kiɗanmu ba ya tashi, ya sayo lasifika. Ya ce kuma wasan ya yi tsabta da yawa, baƙi daji suka zo gani. Shi ya ƙirƙiro biri. Mutum ɗaya zai shigo da rarrafe, ya bi tebur-tebur yana shinshine-shinshine yana dukan ƙirji, yara su miƙa masa ayaba ya karɓa da baki. Da aka duba wanda lasifika ta cinye wa aiki, kuma ba shi da ko taƙi ɗaya na gona, sai aka ga ni ne.

Abin takaicin shi ne na iya. Wallahi na iya. Ranar farko wata tsohuwa daga Mumbai sai da aka ba ta ruwa don dariya.

Matata Jenab ta sani, domin ba a ɓoye wa matan ƙauyenmu komai. Ba ta yi faɗa ba, alhali Jenab ba mace ce mai rowar faɗa ba. Ta dai ajiye mini rotla, gurasarmu ta gero, mai zafi da miyar wake ta ce, "Abban Ruksana, ka ci. Abu ɗaya nake roƙo, kada yaran nan su gani."

Ita Jenab tun ranar da ta haifi Ruksana ta ɗaura ɗamarar yaƙi. A aji huɗu ta bar makaranta, ranar da malaminsu ya tsayar da ita gaban allo ya ce kowa ya zo ya taɓa gashinta ya ji yadda na mutanen Afirka yake. Ta gudu gida ba ta sake komawa ba, kuma ta rantse 'yarta ba za ta gudu ba. Don haka a gidanmu ranar kitso ranar darasi ce. Ta matse kan yarinyar tsakanin gwiwoyinta, tana tsaga tana tambaya.

"In suka ce miki Habshi, gindin tukunya, me za ki yi?"

"In miƙe tsaye."

"Sai me?"

"In kalli idon mai faɗa. In faɗi sunana, da na Abbana, da na ƙauyenmu."

"Da wane harshe?"

"Da Gujarati. Wayyo Ammi, kina ja da yawa!"

"Gujaratin da ya fi nasu daɗi. Kuka fa?"

"Sai na dawo gida."

"Yauwa. Ba ke ce abin kunya ba, su ne. Yanzu ba su sani ba, amma wata rana kunyar za ta kama su, da ranki za ki gani. Juyo da kan nan, kamar na tunkiya."

Ni ina gefe ina gyaran fatar ganga ina tsokana. "Jenab, soja kike raino ko ɗiya?"

"Kai dai ja igiyarka. Da uwata ta yi mini rainon soja, da yanzu malamar asibiti kake aure."

Ina tsokana ne kawai, amma a raina daɗi nake ji. Da Ruksana ta ci jarrabawa aka ba ta gurbi kyauta a makarantar kwana a Junagadh, ita ce mace ta farko a layinmu da ta je. Zangon farko ta dawo da wuyan riga a yage, ta yi kukanta a cinyar uwarta kamar yadda aka yi alkawari. Zango na biyu ta ce wata malama ta hukunta yarinyar da ta zage ta. Zango na uku ta zo ta biyu a aji, kuma ta zauna kusa da ni tana cewa, "Abba, na faɗa musu kai ne makaɗin waliyyi. Na ce ba mai taɓa gangar sai kai, kuma har otal ake kiran ka don baƙi su ji." Ranar na yarda abin Jenab yana aiki. Na yarda duniya tana matsawa, ko da kaɗan-kaɗan ne, kuma 'yata ce ke tura ta.

* * *

Na sami Paresh Saheb a bakin kicin yana ɗanɗana samosar da za a kai wa yaran.

"Saheb, yau a yi haƙuri da birin nan. Bayana ya riƙe."

"Yau? Yau da muke da yara arba'in? Gafur, yara don biri suke zuwa. Kwando guda na sa aka sayo na ayaba."

"Saheb, 'yata tana cikinsu."

Ya zaro ido, fuskarsa ta washe. Wannan ne ke ci mini rai har yau. Da mugunta na gani a fuskar nan da na san inda zan ajiye ta, amma murna ce tsagwaronta.

"Kai, haba! To ai yau ne za ka zage, ta yi alfahari da kai. A ƙarshe ma sai in kira ta ta hau dandali, uba da 'ya, a ɗauki hoto."

"A'a Saheb, don girman Allah. Kada a faɗa wa kowa."

Ya ɗaga kafaɗa ya lashe yatsa. "Yadda ka so. Amma biri zai fito. In kun gaji ku faɗa mini, 'yan ƙauyen gaba kullum suna damuna a waya. Su har wuta suke ci."

Na koma bayan kicin. Mutum goma suna kallona, kowa da iyalinsa a ido. Bachu-kaka, mai shekara saba'in da ɗan bante da gashin tsuntsu a ka, ya sunkuyar da kai yana gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

"Ba ni in yi," in ji Altaf.

"Kai? Kai da tun da ka faɗo daga babur sai a kujera kake sujada?"

"To ƙara fenti mana. Shafe fuskar gaba ɗaya. Ba su suke cewa duk kamarmu ɗaya ba? Makon jiya wata mata sau uku tana ba ni hannu, ita a dole ta gaisa da mutum uku."

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. A nan ne wautata take, kuma ban da wanda zan ɗora wa ita. Na yarda da maganar Altaf. Shekara arba'in ina jin ana cewa ba a bambance mu, a bas, a layin asibiti, a bakin ofis, har maganar ta zauna mini daram a ka kamar gaskiya. Na manta wanda zai kalle ni yau. Na dumbuza fenti na shafe fuskata fari fat har kunnuwa, na zagaye idanuna da ja, na jawo hular gashin ɗawisu har gira, na zare zoben azurfata na ba Bachu-kaka ya riƙe. Na duba madubi, ni kaina ban ga Gafur ba, sai na ji hankalina ya ɗan kwanta.

* * *

Ƙarfe biyar lasifika ta tashi. Mutum goma suka fita da tsalle da ihu, ni kuma na laɓe bayan shingen furanni ina jiran lokacina. Ɗayanmu Sikandar ya cilla kwakwa sama ya tare ta da ka, ta fashe, ruwan ya wanke masa fuska, yaran suka ɗauki kururuwa. Ruksana tana layin gaba amma ba rawar take kallo ba. Ta ɗaga dunduniya tana leƙen bayan dandali, inda makaɗi ke zama. Ba kowa a wurin sai baƙin akwatin lasifika a kan kujera. Ta leƙa dama, ta leƙa hagu. Mai tabarau tana ja mata hannu tana tambaya, ita kuma tana cewa a jira.

Sai kiɗan ya sauya, na fita.

Dabarata ita ce in tsaya can teburan nesa, wurin wasu ma'aurata da tsofaffi, in yi abin da zan yi in koma. Amma da yaran suka hango ni sai suka yo kaina gaba ɗaya, ma'aikatan otal suna bin su da kwandon ayaba. Malamarsu, wata mai koren sari da waya a hannu, ta tafa.

"Layi! Ku yi layi! Kowa za ta samu, ba turereniya!"

Suka jeru. Ɗaya ta miƙo, in yi gurnani, in karɓa da baki, in wurga baya, ta gudu tana ihu. Wata ta shafa mini kai. Wata ta ce, "Madam, yana cizo?" Malamar ta ce, "Ke Hetal, mutum ne fa, wasa yake yi," tana dariya tana ɗauka a waya. Ina karɓa ina satar kallon layin ta ƙarƙashin hula. Ruksana ba ta ciki. Tana can inda take, ta ba ni baya, har yanzu tana jiran makaɗi ya fito. Na ce a raina, ya Allah, ka bar ta a haka, ka sa ayabar ta ƙare.

"Ruksana!" Malamar ce. "Ke da ya kamata ki zama ta farko? Ai mutanenku ne. Dhruvi, jawo ta, ba ta ayaba."

Mai tabarau ta jawo ta. Na sunkuyar da kai har gemuna yana taɓa ciyawa. Abin da nake gani kawai takalmanta ne, baƙaƙe, waɗanda na sayo mata a kasuwar Talala da ɗan girma don su kai baɗi. Suka zo gabana suka tsaya. Na daki ƙirji, na yi kukan da nake yi, na ƙara masa kauri don kada murya ta tona ni. Takalman ba su motsa ba.

Na ɗago kaɗan. Ba fentin take kallo ba, ko ta kansa ba ta bi ba. Hannuwana take kallo, a shimfiɗe kan ciyawa, hannuwan da ta riƙe ta koyi tafiya. Daga nan ta ɗago ta dubi idona. Ban ga mamaki ya daɗe a fuskarta ba. Abin da na gani ya fi mamaki muni, kamar yarinya ta ɗaga murfin tukunyar gidansu ta tarar ba komai a ciki.

"Ruksi," in ji Dhruvi, "to ina Abban naki? Kin ce shi ne mai kiɗa."

Sai na ga 'yata ta miƙe sosai. Ta daidaita kafaɗunta, ta ɗaga haɓa, yadda Jenab ta koya mata tun tana shekara huɗu. Na ce shi ke nan, yanzu za ta faɗi sunanta da nawa da na ƙauyenmu a gaban kowa. Allah shi ne shaida, a lokacin ban san wanne na fi tsoro ba, ta faɗa ko kada ta faɗa.

"Yau bai zo ba," ta ce. "Ba shi da lafiya."

"Ayya, Allah ya ba shi sauƙi. To miƙa masa mana, kin tsare layi."

Ta miƙo. Ayabar ta zo daidai gaban hancina. Malamar ta durƙusa da wayarta.

"Ruksana, murmushi! Kai biri, buɗe baki, aaa!"

Na buɗe baki na karɓa.

Sai ta fashe da dariya. Ba dariyarta ba ce, ni na san dariyar 'yata. Wannan siririya ce mai ƙara, kuma ta riga kowa. Ta dafe ciki, ta nuna ni da yatsa tana cewa, "Ku dube shi! Ku dubi yadda yake ci!" Yaran suka ɗauka gaba ɗaya. Dhruvi ta rungume ta, wata ta dafa kafaɗarta, wata ta ce, "Ruksi, ashe kina da ban dariya haka!" Suka kewaye ta suka tafi da ita, shuɗi cikin shuɗi. Wannan ne karon farko da na nemi 'yata a cikin yaran Junagadh ban gan ta nan take ba.

Saura yara uku a layi. Na daki ƙirji, na karɓi ayabarsu ɗaya bayan ɗaya.

* * *

Da motar za ta tashi na sake leƙawa ta ɓular katanga. Ta zauna a ɓangaren da ba ya kallon otal. Bachu-kaka ya zuba mini ruwa a bakin famfo ina dirzar fuska.

"Yarinya ce," ya ce. "Za ta manta."

"Kaka, kai ka manta naka na yarinta?"

Ya miƙo mini zobena.

Ana kiran magariba na isa gida. Jenab tana bakin murhu tana buga rotla tsakanin tafukanta, ƙaramarmu Afrin tana wasa a waje. Na faɗa mata komai a tsaye, ban rage ba. Ba ta juyo ba.

"Me ta ce?"

"Ta ce ban zo ba. Ta ce ba ni da lafiya."

"Ta miƙe tsaye?"

"Ta miƙe."

"Sai me?"

"Sai ta yi dariya."

Rotlar da ke kan kasko ta fara ƙauri. Jenab da ba ta taɓa ƙona abinci ba ta zuba mata ido har ta yi baƙi.

"Na koya mata abin da za ta yi in baƙo ya wulaƙanta ta," ta ce a hankali. "Shekara takwas ina koya mata. Ban taɓa koya mata abin da za ta yi ba in ta ga..."

Ni kuma haushi ya taso mini, irin haushin wanda ba shi da gaskiya.

"Faɗi mana! In ta ga me? Da me kike so in ciyar da ku, da miƙewa tsaye? Takalmin da ta sa ta je ta ga abin, daga ina ya fito?"

"Ban ce komai ba, Abban Ruksana."

Ta ɗauke ƙonanniyar ta ajiye gefe don kanta, ta ɗora mini sabuwa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Washegari da yamma na koma otal na shafa fenti, domin akwai baƙi daga Surat.

* * *

Bayan mako biyu aka ba su hutun Diwali, Ruksana ta dawo. Ta gaishe ni, ta sumbaci hannuna, ta tambayi lafiyar Bachu-kaka, komai cikin ladabi kamar baƙuwa. Ta zo ta ɗaya a wannan karon. Ta ce Dhruvi ta gayyace ta gidansu, ta ce yanzu kowa yana so ya zauna kusa da ita a ɗakin kwana.

"Me ya sauya?" in ji Jenab.

"Ina ba su dariya ne. Ina kwaikwayon abubuwa."

"Waɗanne abubuwa?"

"Abubuwa dai, Ammi."

Na jira har na same ta ita kaɗai tana shanya a bayan gida. Kwana goma sha huɗu ina shirya maganar a raina, amma da na tsaya gabanta duk ta watse.

"Dikri," na ce, "'yata. Ranar nan da kuka je otal..."

Ta matse riga ta yarfa ta. "Ai ba ka zo ba ranar, Abba. Ba ka da lafiya. Ka ji sauƙi yanzu?"

Idonta cikin nawa take maganar, ba ƙiftawa. Na ce mata na ji sauƙi.

Kwana uku da dawowarta, da hantsi, Afrin ta shigo da gudu tana kuka. Shekararta shida. Ta bi maƙwabciyarmu kasuwar Talala, wasu yara a tashar mota suka biyo ta suna ce mata biri, ɗaya ya jefe ta da ɓawon gyaɗa. Jenab tana kwaɓa gari. Ta fara kakkaɓe hannu za ta tashi, amma Ruksana ta riga ta. Ta kama hannun ƙanwarta ta ja ta bayan gida wajen tulunan ruwa. Jenab ta bi su ta tsaya a bakin ƙofa, ni ma na zo na tsaya a bayanta. Ba su gan mu ba.

Ruksana ta tsuguna ta share wa Afrin majina da gefen gyalenta.

"Ya isa. In kin yi kuka sun sami abin da suke so, gobe ma sai su sake."

"Ammi ta ce in miƙe tsaye in faɗi sunana."

"Kin faɗa?"

"Na faɗa, Apa," ta ce wa yayar tata. "Har na Abba na faɗa."

"Sun daina?"

Afrin ta girgiza kai.

"To ki saurare ni. In suka ce miki biri, ki riga su dariya. Ki yi ta da ƙarfi. In kin riga su ba ya zafi sosai, kuma sai su so ki. Yi in gani."

Afrin ta ja numfashi ta gwada. Abin da ya fito ya fi kusa da shessheƙa.

"Ba haka ba, wannan ai kuka ne. Buɗe bakin sosai su ga haƙoranki. Suna son haƙora."

Na dubi Jenab ina jiran ta afka musu kamar guguwa. Na ga ta buɗe baki. Na ga ta rufe. Ta tsaya nan da ƙullu a yatsunta, kafaɗunta suka sauka, sannan ta raɓa ni ta koma wajen kwaɓinta ba tare da ta kalle ni ba. Saura ni. Ni ne uba, taku huɗu ne tsakanina da su. Na lalubi abin da zan ce wanda Ruksana ba za ta iya amsa shi da kallo ɗaya ba, ban samu ba.

Afrin ta sake gwadawa. Kumatunta jiƙe da hawaye, ta yage baki har giɓinta na gaba ya fito, tana cewa ha, ha, ha. Ruksana ta riƙe mata haɓa da yatsu biyu, ta ɗan ɗaga ta sama.

"Yauwa," ta ce. "Kin fara iyawa. Sake."